Gajiyar Jirgin Sama: Faɗakarwa ga Maniyyata da Matafiya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa. Ina gaida mutanen Bukkuyum da Nasarawar Burkullu, da Gwashi da Adabka da Zugu. Ina gaida na Gummi da Daki Takwas, da na Anka da Bagega. Wanda ke gona, wanda ke shago, da uwargida da ke tsakar gida da rediyo a gefenta, duk ina yi muku sallama.

Yau batunmu shi ne doguwar tafiya a jirgin sama, da wahalar da jiki ke sha a cikinta. Na san wani zai ce, wace wahala kuma ga wanda Allah ya ɗora a jirgi? Ai kakanninmu da ƙafa suka je Makka. Gaskiya ne. Sun bi ta Barno, sun ratsa Chadi da Sudan, sun tsallake Bahar Maliya a jirgin ruwa. Wasu sun yi shekaru a hanya, suna noma suna ƙodago don su sami guzuri. Wasu ba su dawo ba, jikokinsu na Sudan har gobe. Jirgin sama bai fara sauka a Kano ba sai a 1925, kuma sai wajen shekarun 1950 jigilar alhazai ta sama ta kankama. Abin da ke cin shekaru ya koma awa 5. Wannan ni'ima ce, babu musu.

Amma awa 5 ɗin nan na da nata nauyi. Kuma waɗanda ta fi taɓawa su ne iyayenmu. Dattijon da ya sayar da shanu ko amfanin gona ya biya kujera, tsohuwar da 'ya'yanta suka haɗa kuɗi suka biya mata, yawancinsu ranar ce ta farko da za su taka matakalar jirgi. Su nake so mu yi wa tanadi yau. Ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Sin, da mai kai mara lafiya Masar ko Indiya, da ɗalibi, su ma akwai rabonsu a gaba.

Mu fara da kashi na farko: gajiyar da ake shiga jirgi da ita.

Mutumin Bukkuyum ba daga ƙofar gidansa yake hawa jirgi ba. Sai ya yi sammako ya shiga mota, ya bi ta Anka ya isa Gusau, ga kuma halin da hanyoyinmu suke ciki, wanda ke sa kowa tafiya da zuciya a hannu. Shekara da shekaru, alhazan Zamfara daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato suka riƙa tashi. Wannan kuma wata tafiyar ce ta kilomita sama da 200 daga Gusau. Sannan ga zaman sansanin alhazai, ga layin tantancewa, ga layin awon kaya, ga jiran jirgi, wanda wani lokaci a ce da la'asar, sai ga shi an kai asuba.

To ku lissafa. Kafin Baba ya zauna a kujerar jirgi, ya riga ya kwana ɗaya ko biyu bai yi barcin kirki ba, bai ci abincin da ya saba ba, ƙila ma ya tsallake maganinsa. Daga Sakkwato zuwa Madina ko Jidda kuma kilomita sama da 3,500 ne. A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazai suka yi zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗin jirgi ma ya ƙaru.

Saboda haka, 'yan uwa, ku bar maniyyaci ya huta kafin ya bar gida. Sallama da ban kwana abu ne mai kyau. Amma a cika gida da baƙi har ƙarfe ɗayan dare, tsoho na ta amsa gaisuwa, da asuba kuma ya hau mota, wannan ba gata ba ne. A yi ban kwana da wuri. A bar shi ya yi barci.

Kashi na biyu: iskar cikin jirgi.

Jirgi na tafiya ne a nisan kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. A can, sanyin waje na kai maki 50 ƙasa da sifili, iskar kuma ta yi sirantar da mutum ba zai rayu da ita ba. Don haka na'urorin jirgi ke tura iska ciki, su matse ta, su ɗumama ta. Sai dai ba sa mayar da ita daidai da ta ƙasa. Wanda ke cikin jirgi, jikinsa na jin yanayin wanda ke kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Garin Jos ma tsawonsa wajen mita 1,200 ne. Ma'ana, oksijin, wato sinadarin iska da jini ke ɗauka ya raba wa gaɓoɓi, yana ɗan raguwa. Mai lafiya ba zai ji komai ba sai kasala, ko ɗan ciwon kai. Amma mai ciwon zuciya, mai asma, mai ciwon huhu, mai ƙarancin jini, da mai sikila, lallai su ga likita kafin tafiya. Na maimaita: mai sikila kada ya hau doguwar tafiya bai ji shawarar likita ba, domin ƙarancin oksijin da ƙarancin ruwa su ne ke tayar da ciwon.

Sannan iskar a bushe take ƙayau. Danshin da ke cikinta bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Mu mutanen nan mun san irinta. Iskar tsakiyar hunturu ce, wadda ke tsage leɓe, ta busar da hanci, ta sa ido ƙaiƙayi. Bambancin kawai, a jirgi akwai sanyi, shi ya sa mutum ba ya jin ƙishirwa, alhali maƙogwaronsa na bushewa. Maganin abin bai wuce ruwa ba. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, a kai a kai. A shafa ɗan man kaɗanya a leɓe da bakin hanci. A tafi da rigar sanyi ko mayafi mai kauri da safa, a jakar hannu, ba cikin babbar jaka ba.

To amma a nan ne gizo ke saƙar. Wannan ya kawo mu kashi na uku, kuma a nan zan fi daɗewa, domin a ganina nan ne tushen yawancin wahalar. Batun bayi ne, da kunya.

Ga abin da ke faruwa a kusan kowane jirgin alhazai. Ma'aikaciyar jirgi ta turo keken abinci, ta miƙo ruwa. Tsohuwa ta girgiza kai. 'Yarta da ke gefe ta ce, "Inna, ki ɗan sha mana." Inna ta ce, "Bari dai 'yar nan, sai mun sauka." Ba ƙoshi ta yi ba. Tun a sansani ta daina shan ruwa. Lissafinta shi ne, in ta sha za ta ji fitsari. In ta ji fitsari sai ta tayar da mutum biyu, ta ratsa gaban maza, ta je wani ɗaki da ba ta san yadda ake buɗe ƙofarsa ba. Ga kuma alwala da take son riƙewa. Sai ta zaɓi ƙishirwa. Dattijo ma haka, sai dai shi ba zai ko faɗa ba.

Kunya ado ce, da ita aka san mu. Amma wannan kunyar tana kwantar da mutane. Mai riƙe fitsari awa 6 ko 7 yana jawo wa kansa ciwon mara. Dattijon da dama fitsari ke yi masa wuyar fita, yana iya toshewa gaba ɗaya. Wanda ya ƙi ruwa kwana guda zai sauka da jiri da ciwon kai, a ƙasar da zafinta ya fi namu. Ku tuna hajjin 2024. Zafi ya haura maki 50 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum sama da 1,300 suka rasu. Bai kamata mutum ya isa irin wannan wuri jikinsa a bushe tun daga hanya ba.

Don haka bari in kwatanta muku bayin jirgi, tun daga ƙofa, don kada ya zame wa kowa baƙo. Ɗaki ne ɗan ƙarami, tsayuwar mutum ɗaya. Akwai su a gaba, da tsakiya, da bayan jirgi. A jikin ƙofar akwai 'yar alama. In kore ce, babu kowa. In ja ce, da mutum a ciki, sai a jira. Yawancin ƙofofin turawa ake yi a tsakiya, sai su naɗe. In kin shiga, Hajiya, akwai sakata a jikin ƙofar. Ki ja ta gefe. Da kin ja, fitila za ta ƙara haske, kuma babu mai buɗe miki. Masan na zama ne. A zauna a kansa, kada a hau da ƙafa a tsuguna, domin jirgi na iya girgiza mutum ya faɗi. In an gama, a tashi, a rufe murfin, a danna maɓallin da ke jikin bango. Za a ji ƙara mai ƙarfi, fuuu, ta ɗan lokaci. Kada a firgita. Ba abin da ya lalace. Iska ce ke zuƙe ƙazantar, domin jirgi ba ya ɗaukar ruwa da yawa.

Babu buta a ciki. Wanda ke son tsarki da ruwa, ya shiga da 'yar gorar roba, ya tara a famfon wanke hannu, ya yi amfani da shi a kan masan. Abu guda ne nake roƙo: kada a zuba ruwa a ƙasa. Daɓen ba shi da magudana, kuma a ƙarƙashinsa akwai wayoyin lantarki. Kada a ɗaga ƙafa a sa cikin wurin wanke hannu. In mutum goma suka yi alwala irin ta gida a wannan ɗaki, na sha ɗaya ba zai iya shiga ba. Ruwan famfon nan kuma ba na sha ba ne. Na sha a wurin ma'aikata ake karɓa, kyauta ne, kuma ko sau nawa ka nema za a ba ka.

Batun salla da alwala, wannan fagen malamai ne. Addini ya yi wa matafiyi sauƙi, akwai ƙasaru, akwai haɗa salloli, akwai taimama. A tambayi malaman bita tun a gida yadda za a yi. A yi alwala a filin jirgi kafin a shiga. In ta warware a sama, ta warware, akwai mafita. Kada a ƙi ruwa don tsaron alwala.

Wani zai ce, ai ba na jin Turanci ko Larabci. A jirgin alhazai akwai jami'an hukumar alhazai, akwai ma'aikatan lafiya, duk 'yan gida ne. A saman kujera ko a jikin hannunta akwai maɓallin kiran ma'aikaci. Ko babu harshe, nuni ya isa. Matambayi ba ya ɓata. Kai kuma matashin da Allah ya haɗa ka layi ɗaya da dattijo, kada ka jira ya roƙe ka. Ka ce, "Baba, zan zaga, mu je tare?" Ka ga ka cire masa nauyin. Mace ta yi wa tsohuwa haka. Kuma in da hali, a bar wa tsofaffi kujerar bakin hanya, yara su shige ta taga.

Jama'a, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan gajiyar doguwar tafiya a jirgin sama. Mun ce a sha ruwa, mun ce kada a ji kunyar zuwa bayi. Yanzu sai kashi na huɗu: ƙafafu.

Babban jirgi na ɗaukar mutum 400, wani ma ya haura 500. Tsakanin kujerarka da ta gabanka bai wuce santimita 80 ba. Dogon mutum gwiwarsa na dukan kujerar gaba. Sai kuma a cusa jaka a ƙarƙashin ƙafa, wurin ya ƙara matsewa. Nan mutum zai zauna awa 5 ko fiye, bai motsa ba.

Jinin da ya sauka ƙafa, motsin naman sharaɓa ne ke tura shi ya koma zuciya. In ba motsi, sai ya taru a ƙasa. Shi ya sa wanda ya cire takalmi a jirgi, in an zo sauka sai ya ga ya matse shi. Kumburin ƙafa biyu irin wannan yakan saɓe da kansa bayan an yi tafiya an huta. Abin tsoron shi ne jinin ya daskare, ya zama guda a cikin babbar jijiyar ƙafa. In gudan ya ɓalle, jini na iya kai shi huhu ya toshe hanya, kuma wannan na kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike a 2007. Ta ce zaman awa 4 ko fiye ba motsi yana ninka haɗarin nan sau biyu. Ta kuma ce abin ba shi da yawa, wajen mutum 1 ne cikin 6,000. Kada hankali ya tashi, amma kada a yi sake. Kuma ku lura, binciken bai ware jirgi kaɗai ba, har da mota. Wato zaman da aka yi a matse daga Bukkuyum zuwa Gusau, da na Gusau zuwa Sakkwato, duk yana cikin lissafi.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne tsofaffi, da masu ƙiba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ciki ko mai jego, da mai ciwon daji, da matar da ke shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, da wanda ya taɓa samun daskarewar jini. Waɗannan su gaya wa likita za su yi doguwar tafiya. Akwai wata safa mai matse ƙafa da likita kan ba da shawarar sawa.

Kowa da kowa kuma, ga abin yi. Kana zaune, ka kafa diddige a ƙasa ka ɗaga yatsu sama. Sannan ka kafa yatsu ka ɗaga diddige. Ka jujjuya idon sawu. Ka yi haka sau goma, ka huta, bayan rabin awa ka sake. Mai tasbihi a hannu, hannu na ja, ƙafa na motsi. Duk awa ɗaya ko biyu, in fitilar da ke nuna a ɗaura bel ɗin kujera a kashe take, ka tashi ka taka zuwa ƙarshen layi ka dawo. Kada a harɗe ƙafa. Kada a sa matsattsun kaya, kada a tamke tazuge ko ɗaurin zane har ya shiga ciki. Kada a sha maganin barci, domin mai barcin magani ba ya ko juyi. Kun ga amfanin ruwan nan ya zama biyu ke nan: ya jiƙa jiki, ya kuma tilasta maka tashi.

Ga alamun da ba a wasa da su, ko bayan kwanaki ne da sauka, ko bayan an dawo gida. Ƙafa ɗaya ta kumbura ban da ɗayar. Sharaɓa na ciwo, ta yi zafi in an taɓa. Ko numfashi ya riƙa sarƙewa haka kawai, ko ƙirji na suka, ko tari da jini. Kada a ce gajiyar hanya ce. Kada a yi tausa, kada a kira wanzami ya yi ƙaho, domin matsa wurin na iya ɓalle gudan. Asibiti za a nufa a ranar, a kuma gaya wa likita cewa an yi doguwar tafiya.

Kashi na biyar gajere ne: kunne da ciki.

In jirgi ya fara gangarowa, wajen rabin awa kafin sauka, kunne kan toshe, wani har ya yi zafi. Nauyin iskar waje ne ke ƙaruwa, ta cikin kunne ba ta daidaita ba tukuna. Mai son ganin abin da ido, ya rufe gorar roba da ba komai ciki yayin da jirgi ke sama. In an sauka zai ga ta lotse. Akwai 'yar siririyar hanya daga maƙogwaro zuwa kunne, haɗiya ce ke buɗe ta. Don haka a haɗiye yawu, a yi hamma, a tsotsi alewa ko a tauna cingam. In ya ƙi, a toshe hanci, a rufe baki, a hura a hankali, ban da ƙarfi. Jariri a ba shi nono. Mai barci a tashe shi. Mai mura ya fi shan wuya, ya nemi magani tun kafin tafiya.

Ciki kuma, iskar da ke cikinsa kan buɗe da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi sama. Wake, alale, ɗanwake da lemon kwalba mai gas, a bar su sai an isa. A ci abu mara nauyi. Mai tashin zuciya, akwai jakar amai ta takarda a aljihun kujerar gabansa, don haka aka ajiye ta. Mai ciwon suga da mai hawan jini, magani a jakar hannu, cikin kwalinsa, da takardar likita, da 'yan dabino ko biskit saboda jinkirin abinci. Babbar jaka na iya yin kwanaki ba ta iso ba. Masu cin goro kuma, ku fara ragewa tun makonni kafin tafiya. Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba, kuma wanda ya bari rana ɗaya zai sha ciwon kai a hanya.

Kashi na shida: tsoro.

Ba zan ce wa kowa tsoronsa ba shi da dalili ba. Manya a wannan yanki ba su manta 11 ga Yuli, 1991 ba, ranar da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 261 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Bincike ya nuna tayoyi ne da ba su da isasshiyar iska suka fashe, wuta ta kama. Sakacin mutane ne a ƙasa, kuma irin wannan binciken ne ya sa aka ƙara tsaurara dokokin duba jirage. A yau jirage dubbai ne ke tashi su sauka lafiya kowace rana, kuma hanyar mota ta fi jirgi cin rayuka nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi firgita sabon matafiyi shi ne gargada. Jirgi na tafiya lami lafiya, sai ya fara girgiza, ya yi ƙasa ya yi sama, salati ya kaure. Iska ce mai hawa da sauka jirgin ya ratsa, kuma an ƙera shi ya jure abin da ya fi haka. Ƙarar da ake ji bayan tashi da gab da sauka, tayoyi ne ke shiga ko fita. A yi addu'a, addu'a makamin mumini ce, amma a yi ta da bel a ɗaure. A watan Mayun 2024 wani jirgi daga Landan zuwa Singafo ya faɗa mummunar gargada, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata, kuma waɗanda ba su ɗaura bel ba su ne aka yi jifa da su sama. Jirgin kansa ya sauka. Muddin kana zaune, bel ɗinka ya kasance a ɗaure, ko da sako-sako ne. Wanda bai iya ɗaurawa ko kwancewa ba, ya ce a nuna masa tun jirgi na ƙasa.

Kashi na ƙarshe na masu tafiya nesa ne: rikicewar barci.

Saudiyya na gabanmu da awa 2 kacal, alhaji ba zai ji wannan sosai ba, sai dai ya gyara agogonsa saboda lokacin magani. Dubai awa 3 ce, Indiya awa 4 da rabi. Amma ɗan kasuwar da ya tashi daga Kano ya sauka Adis Ababa, ya yi jira, ya sake hawa na awa 10 zuwa Guwanzu a ƙasar Sin, ya isa inda agogo ke gabanmu da awa 7. Ƙarfe 9 na safe a can, ƙarfe 2 na dare ne a jikinsa. Da rana gyangyaɗi, da dare ido biyu, ciki ya rikice, lissafi ya ƙi zama. Jiki na buƙatar kusan kwana guda kan kowace awa ɗaya kafin ya daidaita, kuma tafiya gabas ta fi ta yamma wuya. Hasken rana ne ke saita shi. A fita waje da rana, a ci abinci a lokacin mutanen garin, a bi lokutan sallarsu, a daure kada a yi dogon barcin rana. Shawarata ga ɗan kasuwa, kada ka ƙulla babban ciniki ranar da ka sauka. Mai jiran jirgi na biyu kuma, kada ya ƙare jiran a kan kujera, ya tashi ya zagaya.

Kafin in sallame ku, ina da kira ga jami'an alhazai na Bukkuyum da Gummi da Anka, da malaman da ke yi wa maniyyata bita. Kuna koyar da ɗawafi da sa'ayi da jifa, har da kwatance a fili, Allah ya saka da alheri. Ku ware zama ɗaya domin jirgi. Ku nuna hoton bayin a waya, ku nuna sakatar, ku kunna musu ƙarar su ji ta tun a gida. Ku samo bel kowa ya ɗaura ya kwance da hannunsa. Mata su yi nasu zaman da malama da ma'aikaciyar lafiya, inda tsohuwa za ta yi tambaya ba nauyin kowa. Ku haɗa kowane dattijo da matashin da zai kula da shi tun daga mota.

Ku kuma 'ya'ya da jikoki, in akwai maniyyaci a gidanku da bai ji shirin nan ba, ku zauna da shi yau da dare ku faɗa masa. Ku duba jakar hannunsa da kanku: magani, rigar sanyi, safa, alewa, da 'yar gora. Allah ya kai maniyyatanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.